Fotal ɗin makarantarku yana wuyan mutumin da bai san da zamanku ba

A Gombe yanzu da wuya ka sami makarantar kuɗi mai ji da kanta da ba ta da fotal. Daga Tumfure har Pantami iyaye na biyan kuɗin zango ta waya, suna duba sakamakon yara ta waya. Asibitocin kuɗi sun fara zuba katin marasa lafiya a kwamfuta, manyan shagunan magani na lissafin kaya da manhaja, harkar takardun fili ma ta koma hannun GOGIS, hukumar da ke ajiye bayanan filayen jihar a kwamfuta. Tun wahalar takardun naira ta farkon 2023, har mai shayi ya saba da taransifa. Ba ni da ja da wannan ci gaban. Abin da ke damuna shi ne masu biyan kuɗi a yi musu waɗannan manhajoji sun ɗauka matashin da suka ba aikin shi ya rubuta komai da hannunsa, kuma da zarar an biya shi an gama magana.

Ka zauna kusa da mai rubuta manhaja ranar da zai fara sabon aiki, ka ga yadda abin yake. Kafin ya rubuta layi ɗaya na kansa, zai buɗe baƙin allon nan ya buga gajeren umarni, composer install ko npm install, sai rubutu ya yi ta gudu a fuskar kwamfutar. Kowane layi da ya wuce sunan wani laburare ne, wato guntun manhaja da wani ya riga ya rubuta ya saka a intanet kyauta, kowa ya ɗauka. Wannan na tura imel ne, wancan na buga takardar sakamako a PDF, wani na lissafin kwanan wata, wani na ɓoye kalmar sirri. Shi ya zaɓi goma ko ashirin, su kuma kowanne ya jawo nasa, kafin ka ankara ɗaruruwa sun sauka a cikin aikin. In ka nuna masa ɗaya daga can ƙasan jerin ka ce wa ya rubuta wannan, dariya zai yi, don shi ma yau ya fara ganin sunan. Kuma ba laifi ya yi ba. Haka ake aikin a Legas, haka ake yin sa a Kalifoniya.

Inda gizo ke saƙa shi ne, da yawa daga cikin laburaren nan mutum ɗaya ne ke riƙe da su, mutum mai sana'arsa ta neman abinci da iyalinsa, wanda ke duba ƙorafin jama'a da daddare ko ranar hutu. A takardar izinin da yake haɗawa da aikin, irin lasisin MIT, an rubuta ɓaro-ɓaro cewa an ba ka abin yadda yake, babu garanti, in ya jawo maka asara babu ruwan mai shi. Kamar rijiyar sadaka ce da wani bawan Allah ya haƙa a ƙofar gidansa. Unguwa duka ta koma sha daga cikinta, har masu gidan burodi da masu ruwan leda sun fara kawo tanki, amma yasa da gyaran murfi an bar masa shi kaɗai. Ran da ya yi fushi, ko ƙaddara ta faɗa masa, ko ya ba wani baƙo ajiyar makullin murfin, ran nan unguwa za ta san a hannun wa ruwanta yake.

Duk ukun nan sun faru a duniyar manhaja, kuma a bainar jama'a.

Na fushi ya fi saurin faɗa. A watan Maris na 2016 wani mai rubuta manhaja, Azer Koçulu, ya samu saɓani da kamfanin Kik a kan suna, npm, rumbun da ake ɗauko laburare daga cikinsa, ya goyi bayan kamfanin, shi kuma ya kwashe kayansa sama da 250 daga rumbun. A ciki akwai left-pad, layi 11 kacal, aikinsa cike gefen hagu na rubutu da sifili ko fili. Manyan ayyuka irin su Babel da React sun dogara da shi ta bayan fage, sai aiki ya tsaya wa dubban mutane na wasu sa'o'i, har npm ya dawo da shi ba da yardar mai shi ba. A Janairun 2022 kuma Marak Squires ya lalata laburarensa guda biyu, colors da faker, da gangan, bayan ya daɗe yana ƙorafin manyan kamfanoni na cin guminsa a banza. Na ƙaddara shi ne core-js, wanda ke ƙarƙashin ɗimbin manyan shafukan duniya. Mai shi, Denis Pushkarev ɗan Rasha, ya kaɗe mutane da babur, ɗaya ta rasu, kotu ta yanke masa wata 18, ya shiga kurkuku a 2020. Da ya fito ya ci gaba da aikin, a Fabrairun 2023 ya rubuta doguwar takarda yana bayyana cewa abin da yake samu daga aikin bai wuce 'yan ɗaruruwan daloli a wata ba.

Amma wanda ya kamata duk mai riƙe da bayanan jama'a ya sani shi ne labarin xz. Wannan manhajar matse fayil ce, tana cikin kusan kowace kwamfutar Linux, kuma Linux ne ke ɗauke da galibin manyan kwamfutocin da shafukan intanet ke zaune a kansu. Wani mutumin Finlan, Lasse Collin, shi ya yi shekaru yana riƙe da ita, ba albashi. A 2021 wani mai amfani da sunan Jia Tan ya fara turo gyare-gyare, masu kyau, cikin ladabi. A 2022 sai wasu sunaye da ba a san su ba suka taso Collin a gaba da saƙonni: aiki ya tsaya, kai ka gaza, ka miƙa wa wani mana. Ya amsa musu cewa bai daina son aikin ba, matsalar lafiyar ƙwaƙwalwa da ya daɗe yana fama da ita ce ta rage masa ƙarfi, kuma su tuna wannan aikin sha'awa ne da ba wanda ke biyansa. Sannu a hankali Jia Tan ya zama abokin riƙo, har ya samu ikon fitar da sabon zubi, wato sabon samfurin manhajar, da kansa.

Jia Tan ya yi haƙurin fiye da shekara biyu. A zubi na 5.6.0 da 5.6.1, na Fabrairu da Maris 2024, ya dasa ɓarauniyar hanya da za ta ba mai wani makulli na musamman damar ba da umarni a kwamfutar da ke ɗauke da ita, ta ƙofar SSH da injiniyoyi ke shiga daga nesa. Bai ma saka ta inda ake karantawa ba, a cikin fayilolin gwaji ya cusa ta. Wanda ya gano, Andres Freund, injiniya ne a Microsoft mai aiki a kan PostgreSQL, wata manhajar ajiyar bayanai, kuma ba ɓarawo ya fita nema ba. Yana wani gwaji nasa ne ya lura shiga ta SSH ya ƙara jinkirin kusan rabin daƙiƙa, yana kuma cin ƙarfin kwamfuta fiye da kima. Wani da ya ce matsalar sabis ce ya wuce. Shi ya bi diddigi, ranar Juma'a 29 ga Maris 2024, mu a nan muna tsakiyar azumi, ya fallasa abin. A lokacin gurɓataccen zubin ya riga ya shiga nau'o'in gwaji na Debian da Fedora, wasu ire-iren Linux, bai dai kai ga waɗanda kamfanoni ke aiki da su ba. Har yau ba a bayyana wa duniya ko wane ne Jia Tan ba.

Abin lura a nan, maharin bai fasa wata katanga ba. Ya nemi gajiyayyen mutum ne da ke ɗauke da kaya shi kaɗai, ya ce kawo in taya ka. Irin haka ta faru a 2018 da event-stream: mai shi ya daina amfani da shi, wani ya ce a ba shi riƙo, ya ba shi, sabon ya saka abin satar kuɗin Bitcoin daga manhajar Copay. Ni ban ga laifin Collin ba ko kaɗan. Laifin yana kan manyan kamfanonin da suka gina kasuwancin biliyoyi a bisa aikinsa ba su taɓa tambayar yaya ya kwana ba. Kuma ba su da hujjar rashin sani, don tun 2014, lokacin da aka gano ɓarakar da ake kira Heartbleed a cikinsa, duniya ta ji cewa laburaren OpenSSL, mai tsare sirrin kaso mai yawa na shafukan intanet, gudummawar da yake samu ba ta wuce kimanin dala 2,000 a shekara ba, kuma mutum ɗaya ne ke aikinsa cikakken lokaci.

Wani zai ce wannan rigimar manya ce, wa zai ɓata shekara biyu don ya shiga fotal ɗin wata makaranta a Kumo ko Bajoga? Gaskiya ne, ba wanda zai yi. Sai dai masu kutse ba sa zaɓar gida, na'ura suke sakewa ta yi ta ƙwanƙwasa kowane adireshi a intanet, duk wanda ke ɗauke da tsohon laburare mai sananniyar ɓaraka ya faɗa. Kuma abin da ya fi cin mu a nan ma ba kutse ba ne, mutuwar tsaye ce: laburaren da aka daina kula da shi shekara da shekaru, yana nan zaune a cikin manhajarka ba ka sani ba.

Wata mai makaranta ta taɓa kirana ana gab da ba da hutu, malamai sun gama shigar da maki amma sakamako ya ƙi fita. Da na duba, kamfanin da ke ajiye musu shafin ne ya ɗaga PHP, yaren kwamfutar da aka rubuta fotal ɗin da shi, zuwa na 8, don na 7.4 ya daina samun gyaran tsaro tun Nuwamban 2022. Fotal ɗin kuwa da PHPExcel yake fitar da takardun maki, laburaren da masu shi suka sanar da yin watsi da shi tun 2017, suka ce a koma magajinsa PhpSpreadsheet. Yana ɗauke da wani salon rubutu da sabuwar PHP ba ta karɓa. Matashin da ya yi musu aikin ya bar gari, lambarsa ba ta shiga, kuma da imel ɗinsa aka yi rajistar sunan shafin.

"Malam, ni fa na biya kuɗina cas," in ji ta. "Yaya abu zai lalace alhali ba wanda ya taɓa shi?"

Na ce, "Hajiya, ai rashin taɓawar ce ta kashe shi."

Ta yi shiru, sannan ta tambaya ko za a iya kai ƙarar masu laburaren. Na ce mata kyauta suka bayar, kuma sun yi sallama da jama'a tun da daɗewa, mu ne ba mu ji ba. Zangon nan da hannu malamai suka cike katin yara.

Wato namu haɗarin ninki biyu ne. Can ƙasa akwai mutum ɗaya a wata ƙasa da ba mu san shi ba, nan sama akwai mutum ɗaya da muka sani, wanda shi kaɗai ya san abin da ke cikin manhajar, shi kaɗai ke da kalmar sirri, kuma gobe yana iya samun aiki a Abuja. Ban zargi matasan nan ba. Wanda aka matse shi a ciniki har ya karɓi aikin wata uku a kuɗin da bai kai na sabuwar waya ba, ba zai dawo bayan shekara biyu yana bin laburare ɗaya bayan ɗaya don Allah ba. Araha ba ta ado. Yanzu ma abin ya ƙaru da zuwan ƙirƙirarriyar basira, don yaro zai ce ta rubuta masa manhaja, ita ta zaɓa masa laburare, wani lokacin tsoho, wani lokacin ma sunan da babu shi, shi kuma ya kwafa bai duba ba.

Masu makarantu da asibitoci ya kamata su san cewa doka ba ta san wani mutumin Finlan ba. Dokar kare bayanan jama'a da aka sa wa hannu a Yunin 2023 ta ɗora alhakin a kan wanda ya tara bayanan. In aka kwashe sunayen yara da hotunansu da lambobin iyayensu, ko tarihin ciwon marasa lafiya, kai za a tambaya, kuma in ɓarakar mai haɗari ce dokar ta ba ka sa'a 72 ka sanar da hukumar kare bayanai ta ƙasa, NDPC. Wanda bai san me ke cikin manhajarsa ba, ta ina zai san an shige shi, balle ya kai rahoto a kan lokaci?

Na sha jin mafita biyu a bakin mutane, kuma duk ban yarda da su ba. Ta farko, a daina ɗaukar na kyauta, yaranmu su rubuta komai da kansu. Wannan tsalle ne daga tudu zuwa rami. Laburaren ɓoye sirri da dubban idanu suka duba ya fi wanda mutum ɗaya ya haɗa a daren da zai miƙa aiki, nesa ba kusa ba. Ta biyu, a sayi na manyan kamfanonin waje. To su ma daga rijiyar nan suke sha. Da ɓarakar Log4j ta fito a Disambar 2021, laburaren da 'yan sa-kai ƙalilan ke riƙe da shi, manyan kamfanonin duniya ne suka kwana a ofis suna lalube, wasu ba su ma san yana cikin kayansu ba. Ga kuma kuɗin lasisi da dala, wanda duk mai kasuwanci a ƙasar nan ya san yadda ya koma tun 2023.

Kuma in za a yi adalci, ba kowane aikin mutum ɗaya ne abin gudu ba. Daniel Stenberg ɗan Suwidin yana jan ragamar curl, manhajar aikawa da karɓo bayanai ta intanet, tun 1998, kuma curl yana cikin wayar da kake karanta wannan rubutun da ita. SQLite, manhajar ajiyar bayanai da ke cikin kowace wayar Android, mutane ƙalilan ne ke riƙe da shi ƙarƙashin Richard Hipp, kuma da wuya ka sami manhajar da aka fi gwadawa. Bambancinsu da xz shi ne suna samun abin da za su rayu da shi daga aikin, kuma akwai tsarin da ba zai rushe don mutum ɗaya ya kwanta ciwo ba. Saboda haka mai rubuta manhaja ba ƙidayar kawuna kawai zai yi ba. Kafin ya jawo laburare ya leƙa shafinsa: yaushe aka yi gyaran ƙarshe, ƙorafi nawa ke jibge ba amsa, mutum nawa ke iya fitar da sabon zubi, ko riƙon ya sauya hannu kwanan nan. Ya kulle lambar zubin da ya gwada, ya ajiye kwafi, kada ya ɗauki sabon zubi ranar da ya fito. Abin layi goma kuwa ya rubuta da kansa. Wurin karɓar kuɗi ne ya fi buƙatar ido, don wasu daga cikin guntayen da ke haɗa fotal da kamfanonin biyan kuɗi wasu ɗaiɗaiku ne suka rubuta don taimako, ba kamfanonin ba.

Amma nauyin da ya fi girma yana kan mai biya, kuma a takardar kwangila ake sauke shi. Duk wanda zai ba da aikin manhaja, mai makaranta ne ko babban sakataren ma'aikata, ya rubuta cewa ba a gama aiki ba sai an miƙa masa ainihin rubutun manhajar, da sunan shafi da wurin ajiya a kan imel ɗin ma'aikatar, da jerin duk laburaren da aka yi amfani da su tare da lambar zubinsu. Jerin nan ba wani aiki ne mai wuya ba, umarni ɗaya ke fitar da shi. Gwamnatin Amurka ta fara neman irinsa daga masu sayar mata da manhaja tun umarnin shugaban ƙasa na Mayun 2021. Ban ga abin da zai hana ofisoshin tantance kwangila na Gombe da Bauchi saka shi cikin sharuɗɗa ba. Sannan a ware kuɗin kulawa duk shekara, a kasafi, da sunansa. Na san wannan shi ne wurin da fuska ke sauyawa, domin a wajenmu ƙaddamar da sabon abu yana da hoto da yanka kirtani, sabunta laburare kuwa ba wanda zai tafa maka. In an yi shi daidai ma ba abin da za a gani, sai dai fotal ya ci gaba da buɗewa.

Saura batun mayar da alheri. Jamus ta kafa asusun gwamnati a 2022 don biyan masu riƙe da irin waɗannan ayyuka, curl da OpenSSH na cikin waɗanda suka fara amfana. Mu tura dala ba abu ne mai sauƙi ga ƙaramar makaranta ba, amma muna da hannaye. Gwamnatin tarayya ta fara shirin 3MTT na koya wa matasa fasahar kwamfuta a 2023, ga sassan kimiyyar kwamfuta a Jami'ar Jihar Gombe, da ta Tarayya a Kashere, da ATBU a Bauchi. Kuma akwai buƙatun da ba wani a Turai da zai damu da su sai mu. Wanda ya taɓa ganin sunan ɗansa a katin sakamako, ƙ ko ɗ ta koma ɗan akwati ko alamar tambaya, ya san abin da nake nufi. Haka lissafin watan Musulunci a manhajojin Islamiyyu, haka jerin jihohi da ƙananan hukumomi 774 da fotal-fotal da dama ke kwafowa daga fayil ɗin da wani ya taɓa sakawa a GitHub, shafin da masu rubuta manhaja ke ajiye aikinsu, in ya yi kuskuren rubuta Yamaltu/Deba ko Itas/Gadau kuskuren ya bi kowa.

Duk shekara ɗaliban ajin ƙarshe na rubuta manhajar rajistar ɗalibai ko ta ajiyar magani, iri ɗaya, a ɗaure rahoton da baƙin bango a jibge a ofishin sashe. Da sashe zai ɗauki laburare biyu ko uku da fotal-fotal ɗin jiharmu suka dogara da su ya ce waɗannan amanarmu ce, ɗalibin bana ya gyara ya miƙa wa na baɗi, malami ɗaya da mataimakinsa su riƙe makulli, da an samu abin da ba ya tafiya bautar ƙasa ya ɓace. Makin ɗalibin kuma a ɗora shi a kan ko mai laburaren na asali ya karɓi gyaran da ya tura.